Harsasai Arba'in na Ayuba

Ranar Asabar da ta wuce, bayan an tashi daga walimar suna a Cheetham Hill, samari uku suka tare ni a bakin ƙofa ina neman takalmina. Ɗayansu, wanda bai daɗe da samun lasisin bindigar farauta ba, ya turo mini waya har kusa da hanci. Bidiyon wani Bature ne mai gemu yana ɗura harsashi a garejinsa, yana yi yana zuba surutu, kiɗa na tashi a bayansa.

"Uncle Sale, it's dead easy," in ji shi. "Ka auna powder, ka zuba, ka danna. Two minutes, an gama."

Na ce masa Allah ya ba da sa'a, na sa takalmina na yi gaba, don ba a irin wannan magana a bakin ƙofar mutane. Amma abin ya tsaya mini a wuya har na isa gida Gorton. Shi ya sa na zauna na rubuta muku wannan, ku da ke yi wa rogo kallon kitse. Na fi shekara talatin ina ɗura harsashi. Yau ba ni da izinin taɓa ko ƙwayar albarushi, kuma ni na jawo wa kaina.

A Birmingham na koya. Karatu ya kawo ni ƙasar nan, karatun ya watse, na tsinci kaina a wani ɗan flat a Ladywood ba aiki. Ni ɗan maƙera ne, a gaban zuga-zugi na girma, don haka da na ji ƙarar guduma a wani lungu na tsohuwar unguwar masu ƙera bindigogi sai ƙafata ta kai ni. Wani tsohon Bature ne a ciki, Mista Ted, kunnensa ɗaya ya mutu, bakinsa kuma ba ya rabo da zagi. Ya kama hannuna ya juya, ya ga tabon ƙuna, ya ce in dawo Litinin.

Harsashi abu huɗu ne. Akwai kwanso na tagulla. A gindinsa akwai wani ɗan maɓalli da ke ba da tartsatsi idan an buge shi, shi ake kira primer. Sai albarushi a ciki, sai kan harsashi a baki, wanda shi ne ke tafiya ya sami dabba. Duk wanda ya ji haka zai ce ai ko yaro ya iya. To, shekara biyu cur Mista Ted bai bar ni na ga cikin gwangwanin albarushi ba. Aikina wanke kwanso, da duba shi. Zan ɗauki kwanso in juya a gaban fitila, in zura masa 'yar waya mai lanƙwasa in ji ko bangon ciki ya fara sirancewa, in auna tsayinsa, in ya yi tsawo in datse. Ɗari biyar a rana. Wata rana na bar guda mai tsaga kamar silin gashi a wuya ya wuce. Tsohon ya tsinto shi, ya huda shi, ya zura masa zare, ya rataya mini a wuya. Mako guda ina yawo da shi a shago kamar laya, masu saye suna dariya.

Da ya yarda na hau teburin awo, dokokinsa uku ne, kuma bai taɓa rubuta su ba. Gwangwanin albarushi ɗaya tak a kan tebur, don wani albarushin yana ci a hankali, wani kuma kamar walƙiya, a ido kuwa duk ɗaya suke. Na biyu, idan ka jera kwansuna a katakonsu mai ramuka ka zuba wa kowanne rabonsa, kafin ka ɗora kai ko ɗaya sai ka ɗauki tocila ka leƙa su ɗaya bayan ɗaya. Na uku, idan kana awo babu kai a duniya. Waya ta yi ta kuka, ƙofa ta yi ta bugu. Na taɓa ganin wani babban mutum da direbansa sun yi minti ashirin a waje suna danna ƙararrawa, Mista Ted bai ko ɗaga gira ba. Na ce masa a wurinmu wannan rashin tarbiyya ne. Ya ce in je in gaya wa wanda kuskuren awo ya mayar mai ido ɗaya.

Da tsohon ya rasu shagon ya rufe, na koma Manchester, na kama ɗan ɗaki mai ƙofar ƙarfe a bayan wasu garejoji a Gorton, 'yan sanda suka zo suka duba suka ba ni lasisi. Masu sayena yawancinsu Turawa ne, manoma da masu rage barewa a dazuzzuka. Barewar ƙasar nan, musamman ja ta tsaunukan Scotland, ta kai maraƙi girma, kuma aikin wasu ke nan duk shekara, su rage yawanta don kada ta cinye ƙananan itatuwa. Mutanenmu kuwa in na ce musu ga sana'ata sai su waiga su rage murya, kamar na ce ina sayar da ƙwaya.

Ayuba ne ɗan Najeriya na farko da na taɓa yi wa aiki. Ubansa Dauda abokina ne tun zaman Ladywood, direban bas, Kirista daga kudancin Bauchi. A gabana aka haifi yaron. Sa'anninsa suna neman jami'a su zama likitoci da lauyoyi, shi kuwa ya kafe sai kwalejin kula da daji da namun dawa. Uwarsa ta yi kuka har ta gaji. Yana da shekara ashirin ya samu gurbi a wani babban daji mai zaman kansa a Scotland, za su gwada shi na hunturu ɗaya, in ya yi kyau su riƙe shi. Wannan gurbi shi ne duk abin da yake so a rayuwarsa, kuma bai ga wani baƙar fata da ya riga shi ba.

Ya kawo mini bindigarsa a farkon bazara. Tsohuwa ce, ƙirar Birmingham, ta wuce hannun mutum uku ko huɗu, maƙogwaron bututunta, wato inda kan harsashi ke fara shiga, ya ɗan cinye saboda yawan harbi, amma tana da gaskiya. Matsalar ita ce ta fi ƙarfinsa. Ayuba siriri ne kamar kara. Muka je filin gwaji, na tsaya a gefensa ban kalli allon ba, fuskarsa na kalla. Kafin ya ja kunama sai ya runtse ido, kafaɗarsa ta riga ta gudu.

"Tsoronta kake ji," na ce.

"I'm not scared, Uncle."

"Idonka ya ce kana ji. Ba laifi ba ne, jaki ma in yana harbinka kullum za ka riƙa kaucewa."

A nan ne ɗurin hannu ya fi na kanti. Na kanti an yi shi don kowa, na hannu kuwa kamar ɗinkin tela ne, bindiga ɗaya, mutum ɗaya. Na nemo masa kan harsashi mai sauƙi, na jan ƙarfe zalla, don masu dajin ba sa son dalma a cikin nama. Na buɗe littafin awo na fara daga can ƙasa, ina ƙarawa kaɗan-kaɗan, biyar-biyar, kowane rukuni da takardarsa. Kada ku tambaye ni awo nawa, ba zan faɗa ba, abin da ya yi wa bindigar Ayuba daidai yana iya raba taku biyu. Bayan kowane harbi in ɗauki kwanson in duba gindinsa ko ya nuna alamar wahala. Sau shida yaron yana hawo jirgin ƙasa daga Birmingham. A zuwa na shida ya jera uku a allo, tsabar fam ɗaya ta rufe su, idonsa a buɗe. Ya juyo yana dariya, ya ce, "Ta daina cizo, Uncle." Na koya masa liƙe bakin bindiga da ɗan salatif idan zai hau dutse, don kada laka ta shiga. Muka yi da shi zan haɗa masa arba'in kafin tafiya.

Ashirin na farko na gama su ranar Alhamis, na leƙa su, na rufe akwatinsu. Ashirin na biyu na bari sai safiyar Juma'a. Dauda ya ce za su biyo ta Manchester da sha biyu su karɓa su wuce arewa, don Ayuba zai fara aiki Litinin. Na lissafa zan gama da sha ɗaya da rabi, in sallame su, in tafi masallaci.

Sha ɗaya saura kwata ƙararrawa ta yi ƙara. Ina kan kwanso na sha uku. Na auna rabonsa yana cikin ɗan faranti, mazurari yana zaune a bakinsa yana jira. Haka nake aiki, mazurari ba ya barin kwanso sai ya sha, shi ne alamata. Na ɗaga ido na kalli allon kyamarar ƙofa. Su Dauda ne, sun riga lokaci. Da Dauda ne da ɗansa kawai, wallahi da sun jira. Amma a tsakaninsu akwai wani tsoho tukuf, ya dogara da sanda, ruwan Manchester na zuba a kan hularsa. Mahaifin Dauda ne, Baba Bitrus, wanda ya zo daga gida a duba masa ido. Ya haura tamanin. Na san dokar Mista Ted sarai, na kuma san ba zan iya barin sa'an ubana a tsaye cikin ruwa ina kallonsa ba. Na ɗauki farantin na ɗora a kan kanta ta sama don kada hannun rigar wani ya ture shi, na je na buɗe.

"Sannu da aiki, maƙeri," in ji tsohon.

Na durƙusa. Kun san gaisuwarmu. Ina gajiya, ina hanya, ina sanyi, ina iyali, ina mutan gida, yaya idon. Da ya ji sunan garinmu sai ya riƙe hannuna ya ƙi saki, ashe a ƙuruciyarsa wurin maƙeranmu yake zuwa gyaran bindigarsa ta toka. Maharbi ne na gaske, ya kashe ɓauna a zamanin da akwai ɓauna. Ya ce shi ya matsa a kawo shi ya ga mutumin da ke yi wa jikansa harsashi, don a duk zuriyarsa wannan yaron kaɗai ya gado shi. Na ba shi kujerata, na jawo benci.

Ya zauna dab da tebur yana kallon kaya. Sai ya miƙa hannu ya ɗauki mazurarin, ya kai kusa da idonsa mai gani, ya juya shi, ya ce su da ƙaho suke yi. Ya mayar. A gabana aka yi. Da ɗaya daga cikinku ne da na buge masa hannu kafin ya kai. Amma yaya zan ce wa Baba Bitrus kada ya taɓa? Na ƙyale shi, ban kuma lura cewa a bakin na sha huɗu ya mayar da shi ba.

Ya ce in ci gaba yana so ya gani. Faranti biyu gare ni, na ɗauki na biyun ba tare da tunani ba, na ci gaba daga inda mazurari yake. Ina awo ina amsa masa, yana ba ni labarin wani gyadon daji da ya taɓa kora shi kan bishiya. Na kai na ashirin. Na ɗauki tocila.

"Wannan kuma ta mece ce?" ya tambaya.

Na ce leƙawa zan yi in tabbatar.

Ya yi dariya har da tari. "Kai, Turawa sun lalata ka. Mu a tafin hannu muke awo, shekara hamsin ba abin da ya same mu. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Ɗan maƙera guda bai yarda da hannunsa ba?"

Dauda ya yi dariya, Ayuba ma ya yi, ko da yake rabin Hausar ta wuce shi. Ni ma na yi. Na ajiye tocilar. Ba tilasta ni aka yi ba, kada wani ya ɗora wa tsohon. Daɗin yabon ne ya shige ni, na so ya koma gida ya ce ya ga ɗan maƙeran da hannunsa ya fi sikeli. Shekara talatin ban taɓa samun kwanso fanko a leƙe ba, na ce yau ma haka ne. Na ɗora kawuna ashirin, na danne su, na jera a akwati. Muka cika takardu, Ayuba ya sa hannu. Tsohon ya sa mini albarka a bakin ƙofa. Na kulle shago a gurguje na tafi masallaci.

Litinin da ƙarfe takwas na safe na buɗe shago. Na miƙa hannu kanta ta sama zan ɗauko littafin aiki, yatsana ya taɓa faranti. Na sauko da shi. Albarushi ne a ciki, awo ɗaya cif. Na ɗora a sikeli duk da na san abin da zan gani. Na zauna a ƙasa.

Ga abin da mai gemun bidiyonku bai gaya muku ba. Harsashin da ba albarushi ya fi wanda ya yi yawa mugunta, don ba ya nuna kansa. Primer kaɗai yana da ƙarfin da zai tura kan harsashi ya shiga bututu ya tsaya. Mai harbi zai ji ɗan ƙas, ya ɗauka bai tashi ba. In ya yi gaggawa ya sa wani ya harba, na biyun zai tarar da hanya a toshe, wutar kuma dole ta nemi mafita. Sau da yawa Allah yana kiyayewa, kan yakan tsaya kusa har na biyun ya ƙi shiga. Amma na san maƙogwaron bindigar Ayuba, ni na auna shi. Ya cinye, akwai wurin da na biyun zai shiga.

Na kira wayarsa, a kashe. Can saman duwatsu ba sabis. Na kira Dauda, yana tuƙi bai ɗauka ba. Na nemo lambar ofishin dajin, wata mata ta ɗauka. Na ce ta gaya wa Ayuba kada ya harba ko ɗaya, ko ɗaya. Ta ce sun fita tun asuba shi da babban maharbinsu, rediyonsu kuma ba ya kamawa in sun tsallaka tudu, amma za ta tura wani da babur mai ƙafa huɗu. Na ajiye waya na zauna ina kallonta. Na yi ta lissafin banza. Akwati biyu ne, wataƙila na Alhamis ya buɗe. In ma na Juma'a ne, ɗaya cikin ashirin ne. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan safiyar ba, har na kasa haɗa addu'a.

Sha ɗaya da minti goma waya ta yi ƙara. Matar ce. Ta ce jirgi mai saukar ungulu ya ɗauke shi.

Daga baya babban maharbin ya ba ni yadda aka yi. Sun lallaɓa sun sami garke, ya nuna wa Ayuba wata tsohuwar barewa. Ciyawa ta yi tsawo, don haka a tsaye ya harba, bindiga a kan sanduna, hannun hagu riƙe da katakon gaba. Harbin farko ya same ta amma ta motsa, bai kwantar da ita ba, ta fara jan ƙafa za ta shiga kwari. Ya sake ɗanawa ya ja, ƙas. Iska na kaɗawa, kunnuwansu a toshe. An koya masa cewa babban abin kunya ga maharbi shi ne ya bar dabba da rauni, ga shi ranar farko, ga maigida a tsaye. Ya fitar, ya tura na uku, ya ja. Bututun ya tsage daidai inda hannunsa yake. Mai babur ya iso bayan minti ashirin.

Washegari na hau jirgin ƙasa zuwa asibitin da aka kai shi. Dauda ya tare ni a baranda, idonsa jawur. Ya ce babban yatsa da ƙaramin ne suka rage, na tsakiya uku sun tafi da rabin tafin. Na gaya masa komai a tsaye, faranti, mazurari, tocila. Sannan ya kai ni wurin tsohon, yana zaune a kujerar jira da sandarsa tsakanin gwiwoyi, ya maimaita masa.

Baba Bitrus ya ce, "Ni na ɗaga abin nan. Ni na hana ka leƙawa. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa, Malam Sale. Ba za a tozarta ka da furfurarka a ƙasar mutane saboda ni ba."

Sun riga sun yanke shawara kafin in buɗe baki. 'Yan sanda za su dawo jin ta bakin yaron idan maganin barci ya sake shi. Za a ce ya yi tuntuɓe a hanya, laka ta toshe bakin bindiga bai lura ba.

"Hatsari ne kawai, case closed," in ji Dauda. "Yatsun ba za su dawo ba ko an ƙwace maka licence. Mu rufa wa juna asiri, Sale. Shekara nawa muna tare?"

Ku rubuta wannan ma a kaina: ban ce a'a ba. Na ce Allah ya saka da alheri. Kwana biyu na yi a garin ina zuwa asibiti ina zama a baranda, ban shiga ɗakin ba, ina gaya wa kaina ai su suka kawo shawarar. Mai yiwuwa masu bincike su gano, tunda na riga na kira matar nan, mai yiwuwa kuma su bar shi a haka. Ina fatan su bar shi.

A rana ta uku nas ta ce Ayuba yana nemana. Na shiga. Hannun yana rataye a sama, an naɗe shi ya yi kamar tulu. Bai gaishe ni ba, kuma wannan ne karo na farko a rayuwarsa.

"They want me to say I stuck it in the peat, Uncle."

Na matso kusa da gadon.

"I taped it. Kullum ina sa tape. Kai ka koya mini." "In na ce laka ce, that's me finished. No estate takes a lad who can't keep his muzzle clean. Za su ce they gave a black kid from Ladywood a chance and he blew his own hand off first morning." Ya juyo ya dube ni. "Dad ya ce kai babba ne, in yi shiru. Did you check them?"

Na ce ban duba ba.

Ya rufe ido. Na tsaya kaɗan, na ga ba abin da zai ƙara, na fita. A ranar na koma Manchester, na juye albarushin farantin nan a ƙaramar kwalba na rufe, na kira ɗan sandan da ke kula da lasisina na ce ya zo shago da takarda da biro. Ban ambaci tsohon ba, na ce an katse ni ina awo kuma ban leƙa ba, gaskiyar ke nan da ta shafe su. Kafin mako ya ƙare sun kwashe komai, albarushi, sikeli, injin matsi, har littattafan aikina. Sauran harsasai talatin da bakwai aka kai su ɗakin bincike aka farke su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya yi aikin ya gaya mini cewa bai cika ganin awo mai daidaito irin wannan ba. Yana ganin yabo ne ya yi mini.

Shekarar ba ta yi kyau ba. Lasisi ya tafi, kuma daidai ne. Na yi ta zirga-zirga gaban masu bincike da mutanen inshora. Dauda ya yi wata huɗu bai kira ni ba, ya ce na watsa wa mahaifinsa ƙasa a ido, an yi mini sutura na yaye. Baba Bitrus ya koma gida bai jira aikin idon ba, damina ba ta zagayo ba ya rasu. Ni kuma na samu aikin yankan makulli da gyaran kwaɗo a wata rumfa a kasuwar Gorton, inda nake har yau.

Sunan Ayuba ya fita fes. Masu dajin suka rubuta cewa ba laifinsa, suka ajiye masa gurbinsa har shekara ta zagayo. Ya koma, ya gwada. Harbin ma yana iyawa in ya kwanta ya ɗora bindiga a kan 'yan ƙafafun da ake maƙala mata. Amma harbi kashi ɗaya ne cikin goma na aikin. Sai ka farke dabba a kan dutse cikin ƙanƙara, ka ɗaura mata igiya, ka ja ta mil guda zuwa inda mota za ta iya zuwa, kuma yatsa biyu ba sa riƙe igiya jiƙaƙƙiya. Mako biyar ya yi ya haɗa kayansa da kansa. Yanzu yana amsa waya a wani ofishi a tsakiyar Birmingham.

Kirsimetin da ya biyo baya Dauda ya kira ni ya ce in zo, matarsa ta ce kujerar da nake zama duk Kirsimeti ba za ta zauna fanko shekara biyu ba. Na je Ladywood da kunya kamar ta kashe ni. Sun sayo akuya guda daga mahauta, an kawo ta rabi biyu, tana kan teburin kicin. Ayuba ne a kanta da wuƙa, don duk gidan ba wanda ya san gaɓar dabba kamarsa. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallo. Ya sa wuƙar daidai inda ya kamata, ya kai hannun hagu zai kama cinyar ya banƙare ta, naman ya suɓuce. Ya sake kamawa, ya sake suɓucewa. Uwarsa ta juya baya tana wanke tukunyar da ta riga ta wanke. Ya goge yatsun biyu a jikin tawul, ya ɗago ya gan ni.

"Sannu da zuwa, Uncle," in ji shi. "Zo ka riƙe mini nan."

Na naɗe hannun riga na riƙe masa ƙafar akuyar, shi kuma ya yanka.